Jawabin Wanda Ya Ci Zaɓe: Wace Magana Ce Ke Ɗaure Mai Ita?

Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, mutum biyar ne suka hau kujerar shugaban ƙasa a Najeriya, kuma biyu daga cikinsu 'yan Jihar Katsina ne: Umaru Musa 'Yar'aduwa daga birnin Katsina, da Muhammadu Buhari daga Daura. A zaɓen 2007 ma su biyun ne suka kara da juna, ɗaya a PDP, ɗaya a ANPP. Saboda haka idan ana zancen jawabin da ɗan siyasa ke yi bayan an ce shi ya ci, mu nan Katsina ba labari ake ba mu ba. Mun ji shi daga bakin mutanen da muka san gidajensu, muka kuma zauna muka ga abin da ya biyo bayan maganar. Su biyun duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su da rahama. Kalamansu zan duba, domin abin da shugaba ya faɗa a bainar jama'a ya zama na jama'a, kuma akwai abin koyo a ciki kafin wani zaɓen ya zo.

A majalisun unguwa, idan aka tayar da wannan zance, mutane kan rabu gida biyu. Wasu su ce ai surutun 'yan siyasa ne, wanda ya tsaya saurare ma ya ɓata lokacinsa. Wasu kuma, musamman idan gwaninsu ne ya ci, su haddace jimla ɗaya mai daɗi su yi ta maimaita ta har shekara huɗu. A ganina duka ɓangarorin suna sakin abin da ya kamata su riƙe. Jawabin nasara yana da aiki na gaske, wani lokaci ma aikin ceton rai. Sai dai a cikinsa akwai maganar da ke ɗaure mai yin ta, akwai kuma wadda aka tsara don ta shiga kunne da daɗi ta wuce, kuma yawancinmu ta biyun muke ɗauka mu bar ta farkon.

A duba halin da mai jawabin yake ciki. Watanni ya shafe yana raba jama'a, ga mu ga su. Yaƙin neman zaɓe ba ya yiwuwa sai da haka, domin babu wanda zai fito cikin rana ya bi layi idan an ce masa duk wanda ya ci ɗaya ne. Dole a nuna masa cewa idan waɗancan suka ci, ƙasa ta shiga uku. Sai kuma cikin dare, ko goshin asuba kamar yadda aka yi a 2015 da 2019 da 2023, shugaban hukumar zaɓe ya karanta alƙaluma, mutumin nan ya wayi gari shugaban waɗanda ya gama kira da annoba. Kuma ba tsiraru ba ne. A 2023 Bola Tinubu ya samu ƙuri'a 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Musa Kwankwaso kuma kusan miliyan ɗaya da rabi. Wanda ya ci bai cika kashi 37 cikin 100 ba. A nan Katsina Atiku ne ya zo na ɗaya da tazarar da ba ta kai ƙuri'a dubu bakwai ba, sannan bayan mako uku jihar ta juya ta ba Dikko Umaru Raɗɗa na APC kujerar gwamna da gagarumin rinjaye. Duk wanda ya hau mumbari a irin wannan hali ya san cewa cikin masu sauraronsa, waɗanda suka ƙi shi na iya fin waɗanda suka zaɓe shi yawa.

Abin da ke faruwa a sa'o'in da ke bin sanarwa ba wasa ba ne, kuma Arewa ta ɗanɗana. Bayan zaɓen 16 ga Afrilun 2011, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa 12, har da Katsina. Da wannan tabo aka shiga zaɓen 2015. Kafin ranar, mutane da yawa sun kwashe iyalansu sun koma garuruwansu na asali, 'yan Kudu suna barin Arewa, 'yan Arewa suna barin Kudu. Ranar 31 ga Maris, tun Farfesa Attahiru Jega bai kammala tattara sakamako ba, Goodluck Jonathan ya ɗaga waya ya kira Buhari ya taya shi murna. Washegari Buhari ya karɓi takardar shaidar cin zaɓe, ya ce Jonathan ba shi da abin tsoro daga gare shi, ya kuma yabe shi a matsayin babban ɗan Najeriya. Wayar da jawabin su ne suka sa mai shago ya buɗe shagonsa, wanda ya gudu ya fara shirin dawowa. Wanda ya kira wannan surutu ya manta irin zaman ɗar-ɗar da aka yi a wancan mako.

To, da wane irin kayan aiki ake yin wannan sulhu, kuma a ina yake komawa dabara?

Na farko shi ne canjin wakilin suna. Lokacin kamfe "ni" ke aiki: ni zan kawo tsaro, ni zan kawo taki. Ranar nasara sai a koma "mu". Kuma "mu" ɗin Hausa ba ta bambance ko har da kai mai sauraro ko ban da kai. Idan zaɓaɓɓe ya ce "mun yi nasara", ɗan jam'iyyarsa zai ji an ce mun kayar da su, ɗan adawa kuma an ba shi damar ya ji an ce ƙasa ce ta yi nasara. Kowa ya ɗauki nasa, mai maganar bai yi asarar kowa ba. Wannan ba laifi ba ne a ranar farko. Wanda ya fi damuna shi ne ɗan ƙaramin "a" ɗin nan da ke ɓoye mai aiki. Za a duba matsalar tsaro. Za a inganta ilimi. An samu 'yan kurakurai. Wa zai duba, wa ya yi kuskuren? Babu. Harshenmu ya tanadi wannan siga don kunya da ladabi, don kada yaro ya ce wa babba "kai ka yi", amma a bakin mai mulki ta zama mafaka. Akwai tazara mai nisa tsakanin "za a samar da ruwan sha" da "zan kai ruwa unguwa kaza kafin azumin baɗi". Ta farkon ba ta da ranar da za a ce an saɓa ta.

Na biyu, kuma mafi nauyi a wurinmu, ambaton Allah. Da wuya ka ji zaɓaɓɓe a ƙasar Hausa bai fara da cewa Allah ne ke ba da mulki ga wanda Ya so ba. Gaskiya ce, tana cikin aya ta 26 ta Suratu Ali Imrana, kuma ba na zargin zuciyar kowa. A fuska ɗaya tawali'u ne: mutum yana cewa ba wayona ko kuɗina suka ba ni ba. Amma jimlar tana da wata fuskar da ake juya wa wanda ya faɗi. Idan Allah ne Ya ba ni, to kai da kake shirin zuwa kotu da wa kake jayayya? Nan take sai ka ji tawagar dattawa da malamai ta nufi gidansa ana roƙon ya rungumi ƙaddara. A tuna cewa doka ta ba mai ƙorafi kwana 21 ne kacal daga ranar sanarwa ya shigar da ƙara, kotun zaɓe tana da kwana 180 ta yanke hukunci, ɗaukaka ƙara kuma kwana 60. Kenan jawabin nasara ana yin sa ne daidai lokacin da agogon kotu ya fara tafiya, kuma kiran "a zo a haɗa kai, ƙofata a buɗe take" yana da amfani ga mai kiran ta wajen da ba a faɗa. Imani da ƙaddara bai taɓa wanke wanda ya sace akwati ko ya sauya alƙaluma ba, kamar yadda bai hana wanda aka zalunta neman haƙƙinsa ba. Buhari da kansa ya je har Kotun Ƙoli sau uku, kan zaɓukan 2003 da 2007 da 2011, kuma babu wanda ya ce imaninsa ya raunana. Ayar nan ma ba ta tsaya inda ake tsayar da ita ba, ta ci gaba da cewa Yana zare mulki daga wanda Ya so. Da wuya a ji wannan rabin a ranar murna.

Abin mamaki shi ne muna da misali mafi kyau a cikin addinin da ake jingina da shi. Huɗubar Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, bayan an yi masa mubaya'a, kusan kowane ɗalibin Islamiyya ya san ta. Ya ce an ɗora shi a kan mutane alhali ba shi ne mafi alherinsu ba, idan ya kyautata a taimake shi, idan ya karkace a miƙar da shi. Ya ce mai rauni shi ne mai ƙarfi a wurinsa har sai ya karɓo masa haƙƙinsa, kuma a bi shi ne muddin ya bi Allah da ManzonSa. Duk jimlolin nan sanda ce ya miƙa wa masu sauraro don su riƙe a kansa. Da wannan ma'auni nake so a auna jawabin 'yan siyasarmu: me mai magana ya ba jama'a da za su iya kama shi da shi gobe?

Da shi za a gane abin da ya sa maganar 'Yar'aduwa ta 29 ga Mayun 2007 ta fita daban. Jawabin rantsuwa ne, amma ci gaban jawabin nasara ne, domin har lokacin ana gardamar ko an ci zaɓen ko ba a ci ba. An ba shi ƙuri'a fiye da miliyan 24, Buhari kuwa miliyan shida da 'yan kai. Masu sa ido na Tarayyar Turai sun ce zaɓen ya gaza cika ko da ƙananan sharuɗɗan sahihin zaɓe. Ƙararrakin Buhari da Atiku suna gaban shari'a. A irin wannan hali kowane lauya zai ce wa mai gidansa ya kame bakinsa. Shi kuwa ya tsaya a Dandalin Eagle ya amsa cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu, ya kuma yi alkawarin kafa kwamitin da zai duba tsarin zaɓen gaba ɗaya. Ba na cewa babu dabara a ciki. Wanda ya riga masu suka faɗin aibinsa ya rage kaifin sukar, kuma tayin gwamnatin haɗin kan ƙasa da ya yi ya raba kan 'yan adawa, domin shugabannin ANPP sun shiga, Buhari ya ƙi. Amma dabara ce mai tsada, tunda ta bar shi da bashi. A watan Agustan shekarar ya kafa kwamiti ƙarƙashin tsohon Alƙalin Alƙalai Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahoto a Disambar 2008. Gwamnatinsa ta ƙi karɓar shawara mafi muhimmanci a ciki, wato a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai. Wannan gazawa ce. Sai dai mun iya cewa ya gaza ne saboda ya faɗi abin da za a iya auna shi da shi, kuma har yau duk mai neman gyaran zaɓe a Najeriya da rahoton Uwais yake kafa hujja.

Bayan shekara takwas, a wannan dandali, ɗan Daura ya faɗi jimlar da ta fi kowace shahara a jamhuriya ta huɗu: ni na kowa ne, kuma ni ba na kowa ba ne. Ta fuskar ƙira, jimla ce da ta kai. Rabi biyu ne masu kallon juna, gajera, mai sauƙin haddacewa, da ƙamshin karin magana. Ƙarfinta kuma shi ne kowa ya ji abin da yake so. Talakan da ya yi ta ihun Sai Baba ya ji an ce iyayen gidan jam'iyya ba za su juya shi ba. Ɗan Kudu ya ji an ce ba mulkin Arewa aka zo yi ba. Wanda ya tuna Buharin 1984 ya ji an ce babu ramuwar gayya, kuma lallai ya faɗi haka ƙarara a cikin jawabin. Na yarda da gaske yake nufi. Matsalar ita ce jimlar ba ta da gefen da za a kama. Babu wani aiki ɗaya da za a nuna a ce ga ranar da aka cika ta. Shi ya sa kowa ya yi mata fassara daga abin da ya biyo baya. Cikin watan Yulin 2015, a ziyararsa ta Amurka, ya ce yankunan da suka ba shi kashi 97 cikin 100 ba za a ɗauke su daidai da waɗanda suka ba shi kashi 5 ba a wasu al'amura, ko da yake ya haɗa da cewa za a yi wa kowa adalci. Daga ranar masu adawa suka ajiye jimlolin biyu gefe da gefe, kuma har ya sauka ba su daina ba.

Amma a cikin wannan jawabi na 29 ga Mayun 2015 akwai wasu jimlolin da ba a yi musu waƙa ba, su ne kuwa suka ɗaure shi. Ya ce za a mayar da cibiyar jagorantar yaƙi da Boko Haram Maiduguri. An yi, cikin 'yan makonni. Ya ce ba za a yi iƙirarin an murƙushe Boko Haram ba sai an ceto 'yan matan Chibok da sauran waɗanda ake tsare da su. Da ya zo a Disambar shekarar ya ce a zahiri an ci ƙarfin ƙungiyar, iyayen yaran suna da abin da za su tuna masa daga bakinsa. Ga kuma ɓangaren da ya shafe mu kai tsaye. Ya ambaci satar shanu da garkuwa da mutane da rikicin manoma da makiyaya, a jere cikin layi ɗaya, ba tare da wani takamaiman mataki ba sai alkawarin gyara jami'an tsaro gaba ɗaya. Alhali tun watan Maris na 2014 an yi kisan gilla a ƙauyukan Faskari da Sabuwa. Wannan layi ɗaya shi ne ya girma ya cinye Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa. A Mayun 2019 aka sace Magajin Garin Daura a ƙofar gidansa, ya shafe wata biyu a hannu. Ranar 11 ga Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, shugaban ƙasa yana Daura a lokacin. Ba na cewa jawabi ne ya jawo haka. Ina cewa da mun saurara da kunnen mai bin bashi, da tun ranar farko mun lura cewa matsalarmu an wuce ta da sauri, mun nemi a ƙara bayani tun ana ganin girmanmu a matsayin waɗanda suka zuba ƙuri'a.

Akwai wata hujja da ke nuna cewa sakin layin sulhu sau da yawa fanko ne: ana iya ɗauke shi daga wata ƙasa a dasa a wata. A Satumbar 2016, a jawabin ƙaddamar da shirin gyaran ɗabi'a na gwamnatin Buhari, an samu wani sashe da aka kwaso kusan kalma da kalma daga jawabin nasarar Barack Obama na 2008, inda yake kira da a guji komawa ga ɓangaranci da ƙanƙantar tunani. Fadar shugaban ƙasa ta amsa laifin ta ɗora shi kan wani ma'aikaci. A Janairun 2017 irin haka ta faru a Gana, inda jawabin rantsuwar Nana Akufo-Addo ya ƙunshi layukan Bill Clinton da George Bush, aka fito aka ba da haƙuri. Zanen aro ba ya rufe katara. Marubutan sun ari abin da ya fi sauƙin ara, suka bar abin da ya sa jawabin Obama ya yi tasiri. Shi ya juya ga waɗanda ba su zaɓe shi ba ya ce ya ji muryarsu, yana buƙatar taimakonsu. Ya kuma ce tafiyar tana da tsawo, mai yiwuwa ba za a isa cikin shekara ɗaya ko ma wa'adi ɗaya ba. Wannan shi ne wani aikin jawabin nasara da ba a cika lura da shi ba, wato sauke zaton da kamfe ya hura. A 2015 an yi zaton buhun shinkafa zai faɗi kafin Sallah, har wani matashi ya taka da ƙafa daga Legas zuwa Abuja don murna. Idan ba a sauke irin wannan zato da gaskiya a ranar farko ba, daga baya za a sauke shi da uzuri, a ce mun gaji baitulmali wayam.

Wanda ke shakkar cewa maganar irin wannan rana aiki ce, ya tuna 29 ga Mayun 2023. Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Daga baya a Faransa ya faɗa da bakinsa cewa kalmar ba ta cikin rubutun da aka shirya masa. Kafin magariba gidajen mai sun fara rufewa, cikin kwana biyu litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500, ɗan acaɓa da mai injin ban-ruwa a Ajiwa da Jibiya suka ji a jikinsu. Gaskiya ne manyan 'yan takarar uku duk sun ce za su cire tallafin, don haka ba yaudara ba ce. Jimla ce takamaimiya, ta kuma cika nan take. Sai dai jama'a ta ɗaure, mai ita bai haɗa ta da wani alkawari mai rana da adadi da zai ɗaure shi ba. Kenan fitowa fili kaɗai bai isa ba, sai an tambaya wuyan wa igiyar ta shiga.

Saura abin da ya fi zama namu, wato harshen da ake yin jawabin. Da Turanci ake yin sa a Abuja, don jakadu da alƙalai da manyan jaridu. Manomi a Mashi ko mai kayan miya a Baure taƙaitaccen bayani yake ji na minti biyu a BBC Hausa ko wani gidan rediyon, kuma a taƙaitawa jimla mai daɗi ce ke tsira, mai sharaɗi da adadi ita ake zubarwa. Jawabin nasarar da ke isa unguwa da Hausa wani ne daban. Yana fitowa daga lasifikar motar da ke zagaya Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da waƙar da aka buga tun kafin a ƙirga ƙuri'a, daga bakin sojojin baka a shirye-shiryen siyasa na rediyo, da kuma gajerun bidiyo a Facebook da TikTok. A nan babu "na kowa ne". Habaici ne da zambo: wane ya sha ƙasa, wane ya koma gona, wane ruwa ya ƙare masa. Habaici kuwa makami ne da aka ƙera don a musanta shi, tunda ba a kama suna ba, amma duk gari ya san wanda ake nufi.

A 2019, bayan an bayyana cewa ya samu ƙuri'a miliyan 15.2 a kan miliyan 11.3 na Atiku, Buhari ya roƙi magoya bayansa kada su yi wa 'yan adawa dariyar ƙeta ko su wulaƙanta su, ya ce nasarar kanta ta isa lada. Wannan na cikin mafi kyawun abin da ya faɗa, kuma yana nuna ya san matsalar. Amma roƙon da aka yi da Turanci a Abuja ba ya kashe lasifika a Funtuwa. Tsarin da aka saba shi ne mai gida ya yi maganar sulhu, yaransa su yi ta cin mutunci, sannan a ga mawaƙi da sabuwar mota. Jama'a ba wawaye ba ne, sun san wace maganar ce aka biya. Kuma illar a kanmu take sauka, domin manyan suna haɗuwa a ɗaurin aure su rungumi juna, wasu ma su sauya sheƙa kafin shekara. Wanda aka yi wa habaicin a unguwa maƙwabcinka ne da kuke sahu ɗaya a masallaci, ko suruki, ko wanda kake karɓar bashin hatsi a wurinsa. Akwai gidajen da har yau ba a gaisawa saboda abin da aka faɗa a makon murnar wani zaɓe, ga kuma matasan da ake asararsu a wasan ganganci da babura a ranar. Gwamna ko ɗan majalisar da ya ci, idan da gaske yake, ya shiga gidan rediyo da kansa ya faɗa da Hausa cewa duk wanda ya zagi wane ba da yawunsa ba, kuma a ga ya janye hannu daga wanda ya ƙi ji.

A matakin jiha ma'aunin ya fi sauƙi, domin komai a kusa yake. Tsarin mulki bai yarda mutum ya zama gwamna da rinjaye kaɗai ba, sai ya samu kashi ɗaya cikin huɗu a aƙalla kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi, mu kuwa 34 gare mu. Manufar ita ce kada wani ya hau da ƙuri'ar shiyya ɗaya. To idan zaɓaɓɓe ya ce ba zai bambanta shiyyar Katsina da ta Daura da ta Funtuwa ba, jerin kwamishinoni da kasafin kuɗin shekarar farko za su amsa, kuma takardu ne da ake bugawa. Raɗɗa ya sa tsaro a gaban kamfensa, a Oktoban 2023 ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha. Ko ta wadatar ko ba ta wadatar ba, mutanen Faskari da Ɗandume ne za su faɗa, amma aƙalla akwai abin da za a nuna a yi gardama a kansa. Ma'aikacin gwamnati shi ma yana da nasa ma'aunin: idan an ce ba za a yi bi-ta-da-ƙulli ba, zai jira ya ga ko malamin makarantar da aka san bai yi jam'iyya mai ci ba zai tsinci takardar canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ba hanya.

Babban nauyin a nan yana kan 'yan jaridarmu na Hausa. Jawabin nasara da na rantsuwa ba su da tsawon da za a kasa fassara su gaba ɗaya a karanta a rediyo, a kuma ajiye rubutun inda kowa zai samu. Idan an yi hira da zaɓaɓɓe ya ce za a duba, ɗan jarida yana da damar ya ce masa, ranka ya daɗe, wa zai duba, kuma yaushe za mu dawo mu tambaya? Zaɓen 2027 yana tafe, za a sake yin waɗannan jawabai a Abuja da gidan gwamnati da mazaɓu. Gidan rediyon da ya naɗi muryar zaɓaɓɓe a daren nasara zai iya gayyato shi bayan shekara, a sa masa faifan yana zaune, a buɗe layin waya ga mutanen Batsari da Mai'aduwa da Bakori su yi masa tambaya a kan abin da ya faɗa da bakinsa.